Ranar da Hajja ta Yanke Zanin Inna

Ranar wata Laraba ce da hantsi, lokacin mangwaro, a shekarar da na shiga ta shida da haihuwa. An kwana ana ruwa, tsakar gidanmu na Briqueterie, unguwar da mu 'yan Yawunde muke ce wa Birik, ta yi jajir da taɓo, kwanon rufi yana ta ɗiga cikin bokitai. Inna tana tsaye bakin murhu da tsohon ciki tana dama kunu, ni kuwa ina inda na saba, a bayanta, hannuna na dama damƙe da gefen zaninta, babban yatsan hagu a baki. Sai ga Hajja, kakata mahaifiyar Baba, ta fito daga zaure da ƙaton almakashin ɗinkinsa, baƙin nan mai nauyi da ba a yarda kowa ya taɓa ba. Ta sunkuya, ta kama zanin daidai saman hannuna, ƙaras, ƙaras, ta yanke shi. Atamfa ce fa, ko wanki biyu ba ta yi ba. Inna ta ce, "Wayyo Hajja, sabon zanina!" Hajja ta ce, "Maryama, wuce ki taro ruwa." Sannan ta dube ni ta ce, "Ke kuma ga Innarki nan a hannunki. Riƙe ta da kyau, zo ki zauna." Na dubi ƙyallen, na dubi Inna tana tafiya da zani mai giɓi, na rasa wanne zan bi. Kafin in yanke shawara har ta kai famfo, sai na buɗe baki na kurma ihun da ya sa maƙwabta suka aiko tambaya ko lafiya.

Kafin wani ya ce tsohuwar nan ba ta da imani, bari in faɗi irin yarinyar da nake. Inna ta haifi biyu kafin ni, duk sun koma tun ba su yi haƙori ba. Da na zo sai aka yi min laƙabi da Ayashe, irin sunan da ake sa wa ɗan wabi don a nuna ba a damu da shi ba, ko mutuwa ta kau da kai. Inna kam ba ta iya wannan nunin ba. Ta goya ni har ƙafafuna suna dukan bayan gwiwarta, ba ta yarda in taka ƙasa ba takalmi, ba ta yarda in leƙa zaure. Da goyo ya gagara sai na koma gefen zani. Gidanmu gidan haya ne, iyalai da yawa, famfo ɗaya, yara kamar kaji, suna carafke da langa da wasan ɓuya daga safe har magariba, ni kuwa sai dai in leƙe su ta bayan Inna. In tana salla ina riƙe da hijabinta, ta yi ruku'u in yi, ta yi sujada in bi ta. In ta shiga banɗaki ina tsugune a waje, hannuna ta ƙarƙashin ƙofar kwano, riƙe da bakin zanin. Wallahi ba ƙari a ciki. Matan gidan ba sa ce min Ayashe, Jela suke ce min.

Da cikin nan ya tsufa sai ƙafafun Inna suka kumbura, kai yana sara mata. A asibitin haihuwa aka auna ta aka ce jininta ya hau, tansiyo ce, kuma in lokaci ya matso dole a kwantar da ita a can har ta sauka, in ba haka ba ana iya rasa ta, a rasa abin da ke cikin. Yara kuwa ba a barinsu su kwana a wurin. Inna ta dawo gida ta ce wa Baba ita fa ba inda za ta. Dalilinta ni ce. Kafin nan ta taɓa zuwa gaisuwar mutuwa unguwar Tsinga ta bar ni wuni guda wurin maƙwabta, ta dawo ta tarar na yi kuka har muryata ta dishe, ko ruwa ban sa a baki ba, jikina ya yi zafi rau, na yi kwanaki ina zazzaɓi. Ta ce ba za ta je ta haifi ɗaya ta dawo ta tarar an ɗauke ɗaya ba. In mutuwa ce, ta same ta a ɗakinta, 'yarta na gefenta. Baba tela ne, mutum mai sanyi, ya fi iya magana da keken ɗinki a kan mutane. Ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya kawo malamin unguwa ya yi mata nasiha, duk a banza. Da ya ga abin ya fi ƙarfinsa sai ya aika wa mahaifiyarsa can Ngaundere.

Hajja ta sauka daga jirgin ƙasa da ƙullin kilishi da kwalbar zuma da carbinta mai manyan 'ya'ya. 'Yar gajeruwa ce, siririya, amma in ta yi gyaran murya har kajin gidan sai sun nutsu. Ta yi kwanaki ba ta ce komai a kaina ba, kallo kawai take, sai ranar Larabar nan ta fara aikinta. Da ta yanke zanin, ta ja ni ina birgima zuwa gindin wata gwanda da ke kusurwar tsakar gida, inda rumfar kwano ta kare ruwa, ta shimfiɗa tsohuwar tabarma, ta dire min wani daro mai tsatsa a gindi. Ashe tun da sassafe ta bi shagon Baba ta kwashe abin da ake sharewa: guntayen yadi kala-kala, kwarkwaron da zarensa ya ƙare, maɓallai marasa 'yan'uwa. Ta haɗa da marafan kwalba, gwangwanayen sardin, tsinken tsintsiya, da ƙwallayen mangwaro da aka tsotse aka wanke suka bushe, gashinsu ya yi buzu-buzu. Ba ta ce min ga yadda ake yi ba. Ta ja kujerarta 'yar tsugunno ta zauna nesa kaɗan, ta ba ni gefen kafaɗa, ta ɗora tiren agushi a cinya ta shiga ɓarewa, tana 'yan waƙe-waƙenta da Fulatanci ƙasa-ƙasa.

Na yi kuka ran nan, kai, na yi kuka. Na yi na gaske, na yi na ƙarya, na yi wanda ake tsayawa a leƙa ko ana kallo sannan a ci gaba. Hajja ko gezau. In na yunƙura zan bi Inna sai ta miƙo ƙafa ta tare hanya, ta ce, "Tana nan, ba ta bar gidan ba. Saurara, ba ki ji ƙarar bokitinta ba?" Sai in yi shiru in saurara, in ji kuwa, in sake ɓarkewa. Ranar farko ba ta bar ni na daɗe ba, kafin kunun ya huce ta ce in je in ga Innata. Washegari aka sake, kullum tana ƙara lokacin kaɗan-kaɗan kamar mai ƙara gishiri a miya. Abin da na fi tunawa ba kukan ba ne, gajiyar da ta biyo bayansa ce. Wata rana hawayen suka ƙare, na zauna shiru, ba Inna, ba mai rarrashi, ba abin yi. Na kalli tururuwa suna jan fiffiken kyankyaso. Na kalli ɗigon ruwa yana haƙa rami a ƙasa. Can dai, don rashin abin yi kawai, na sa hannu cikin daron na ɗauko ƙwallon mangwaro ɗaya, na ga gashinsa ya yamutse irin nawa in an tsefe min kitso. Sai na ji tausayinsa. Na ɗauki tsinke na fara taje shi, ina ce masa ya yi haƙuri, ba zafi. Ƙyallen zanin Inna da nake damƙe da shi kwana da kwanaki, har barci da shi nake, shi na warware na ɗaura masa. Ya zama 'yata, na sa mata suna Ladi, ban san inda na samo sunan ba.

Ni dai na fara koyo, amma ɗalibar da ta fi ba Hajja wahala Inna ce. Hajja ta kafa wa manyan gidan doka: in ina gindin gwanda ba mai zuba min ido, ba mai yaba min, ba mai gyara min abin da na ɗora a karkace, ba mai aikena. "Ƙyale ta, aiki take yi," haka take ce wa duk wanda ya doso. Inna kuwa, Hajja ta ce mata, "In kin tsare ta da ido, ke za ta yi wa wasan, ba kanta ba." Inna ta ce to, kanta a ƙasa, don ba ta taɓa musu da surukarta ba. Amma ina! Jim kaɗan sai ka gan ta ta fito wai ta manta ludayi, ko wai za ta duba ko shanya ta bushe, alhali ruwa ake. In an kora ta ɗaki sai ta laɓe bayan labule tana leƙe, ta manta cikinta ya riga ta fita. Hajja ko waiwayawa ba ta yi ba ta ce, "Ikon Allah, yau kuma labulen ɗakin nan ne ya yi ciki?" Matan gidan suka kwashe da dariya, har Inna sai da ta dara tana share ido. Daga nan Hajja ta fara aikenta, ita Innar: yau maƙwabta aron rariya, gobe bakin lungu sayen gishiri. Sharaɗi ɗaya ne, ba a sulalewa. Sai ta zo ta tsaya ta ce min, "Ayashe, zan je wuri kaza, zan dawo," in ta dawo kuma ta ce, "Na dawo." Hajja ta ce yaron da ake gudu a ɓoye a bar shi ba ya sake yarda ya ɗauke ido daga kan uwarsa.

Baba ma sai da ya kusa ɓata aikin, da kyakkyawar niyya. Ya ga 'yarsa tilo tana goyon ƙwallon mangwaro, zuciyarsa ta karye, wai shi tela guda a ce 'yarsa tana wasa da shara. Ya tafi kasuwar Mokolo ya sayo wata 'yar tsana ta roba, fara sol, in an kwantar da ita ta rufe ido, in an danna cikinta ta yi ƙara. Ya ɗinka mata riga da ɗankwali har da aiki a wuya. Ya tsuguna a tabarmata, babban mutum da tef ɗin awo a wuya, yana nuna min ga yadda ake kwantar da ita, ga inda ake dannawa. Na yi murna, ba zan yi ƙarya ba. Na danna ta yi ƙara, na sake dannawa ta sake yin ƙarar nan dai. Kafin la'asar na gama da ita, na koma bin Baba ina cewa ya zo ya yi min, da ya hau keken ɗinki sai na wuce wurin Inna na kama zani. Hajja ta ɗauki 'yar tsanar ta jujjuya ta, ta ce, "Wannan ai an gama mata komai, me ya rage yarinya ta yi?" Ta ɗora ta saman kabad ta ce ta zauna nan ta yi wa ɗaki kwalliya. Baba ya sosa ƙeya ya koma shago. Daga ranar, in ya yi shara da yamma sai ya tsince guntaye masu kyau ya zuba a daron, ya wuce kamar bai san da ni ba.

Kafin mangwaro ya ƙare gindin gwandar nan ya zama gari guda. Na kwaɓa jar ƙasa na yi rumfuna, na jera su yadda Birik take, da lunguna da kwata a tsakani, in an yi ruwa kwatar tawa ta cika ta yi gudu kamar ta gaske. Gwangwanin sardin ya zama taksi, na liƙa masa ƙyalle rawaya, ina cusa masa marafan kwalba har su yi yawa, ina faɗa da direba da Faransancin da ban iya ba. Kwarkwaron zare su ne mutanen gari, akwai liman, akwai mahauci, akwai wata mata mai tsegumi da nake yawan kora. Sana'ar da na fi so ita ce soya, tsiren nan na unguwarmu da duk Yawunde ke zuwa ci. Sai in yayyaga jan ƙyalle in tsire a tsinke, in jera a kan murfin tukunya, in barbaɗa busasshiyar ƙasa a matsayin yaji, ina fifita da ganyen gwanda ina kiran masu saye da muryar maza. Ni ce mai saye, ni ce mai sayarwa, ni ce mai rikici, ni ce mai raba faɗa. Yaran gidan suka fara tsugunawa a bakin tabarma suna roƙon in sa su a ciki. Wani lokaci in yarda, wani lokaci in ce kasuwa ta tashi. Ranar da Inna ta kira ni cin tuwo na ce mata "ina zuwa", wata cikin matan gidan sai da ta rangaɗa guɗa.

Sau ɗaya aka yi ta tsakanin Inna da Hajja, kuma a gabana aka yi. Bakin wani gwangwani ne ya yanke ni a yatsa. Kullum da safe Hajja takan bi daron ta daddake bakin gwangwanayen da dutse, ta tsince allura in ta biyo shara, amma wannan ya kuɓuce mata. Jini ya fito, na tsaya ina kallonsa, ban ma fara kuka ba sai da na ji salatin Inna. Ta taho da gudu da cikin nan, ta fizge ni, ta shure daron ya kife. Matar da ba ta taɓa ɗaga ido ta kalli surukarta ba, ran nan ta dube ta ta ce, "Hajja, ya isa haka. Ke ba ki san abin da nake ji ba. Ba a ɗauki biyu daga cinyarki an fita da su ba." Hajja ta ajiye tirenta a hankali, ta ce, "Uku aka ɗauka daga tawa, Maryama. Na ukun a bayana yake, goye, ban taɓa sauke shi ba, a nan ya cika." Ta tashi ta haɗo ruwan gishiri ta wanke min yatsan, ta ɗaure da tsumma mai tsabta, sannan ta zauna kusa da Inna ta kama hannunta. Ta ce, "Ni ce ban ga gwangwanin ba, ki yafe min. Amma 'yar nan ki bar ta ta san tana da ƙafa, ke kuma ki je a duba ki. So nake ke da hannunki ki yi mata kitson aure." Suka yi ta kuka su biyu. Ni kuwa da na ga ba ta kaina ake yi ba, sai na zame na je na tada daron na kwashe mutanena.

Ranar da za a kwantar da Inna ta zo ba shiri. Ta tashi da ciwon kai mai tsanani, tana ganin dishi-dishi, fuskar ta kumbura. Baba ya rufe shago ya nemo taksi, ya tsayar da ita a bakin titi don mota ba ta shiga lungunmu. Har lokacin Inna ba ta ce eh ba, ba ta ce a'a ba. Hajja dai ta haɗa mata jaka, ta yafa mayafi, ta fito tana dafa bango, ta zo ta tsaya a bakin tabarmata. Ina tsakiyar ciniki, wuta ta kama, masu saye sun yi layi. Ta ce, "Ayashe, zan je asibiti. Wannan karon zan kwana a can, zan yi kwanaki. Hajja tana nan, Babanki yana nan. Zan dawo." Ina tuna ƙafafunta cikin silifas ɗin Baba, don nata sun daina shiga, dab da rumfar mahaucina. Fuskarta ban tuna ba, saboda ban ɗaga kai ba. Na ce, "To. Ki sayo min benye. Inna, matsa, za ki taka min kasuwa." Ta ɗan jima a tsaye. Sannan ƙafafun suka matsa, suka juya, na ji muryar Baba daga zaure yana cewa a yi sauri.

Ba zan ce ban yi kuka ba. Da magariba ta yi na leƙa ɗaki ba Inna, na yi shi sosai, Hajja ta goya ni tana zagaya tsakar gida. Amma na ci tuwona, na yi barci, gari ya waye na koma kasuwata, na gina asibiti a bayan masallaci na kwantar da Ladi a ciki. Kullum in Baba zai tafi dubiya sai in ba shi tsinken soya ɗaya ya kai wa Inna, shi kuwa ya sa a aljihun gaba da gaske ya tafi. Inna ta daɗe a can. A ƙarshe tiyata aka yi mata aka ciro ƙanena Hamidu, ɗan mitsitsi kamar ɗan kyanwa, yau shi ne ƙaton da sai ya sunkuya yake shiga ƙofar gidanmu. Da ta dawo na ruga na rungume ta, na leƙa jaririn, na tambayi benyena. Ta kuwa sayo, ƙullin fanke da sauran zafinsa. Shekarar da ta biyo aka sa ni lekol, makarantar boko. Ranar farko yara suna ta ihu sun ƙanƙame ƙofa, ni kuwa na shiga da allona, na sami inuwa a bayan aji na tara duwatsu na buɗe sabuwar kasuwa, har Madam, malamar ajinmu, ta zo ta kamo ni da kunne don ban ji ƙararrawa ba.

Yanzu ina zaune a Tsinga, a saman bene, gidan da ba tsakar gida sai baranda mai ƙarfe. Ɗana guda, Abdul, yana shekara huɗu. Kayan wasansa sun cika kwali, motoci masu batir da dabbobin roba masu waƙa, amma bai iya zama da su shi kaɗai ba. Kullum "Mama zo ki yi min", ko "Mama ba ni waya". Ni kuma, Allah ya gani, ban taɓa rasa ɗa ba, amma bakina ba ya hutawa: kar ka hau, kar ka taɓa, sauko, kawo in gyara maka. Kwanan baya na kai shi Birik wurin Inna. Gidan yana nan, sai dai ɗakunan haya sun cinye tsakar gidan, ɗan abin da ya rage an zuba masa siminti. Hajja kuwa ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Ina yi wa Inna ƙorafi, yaron yana rataye a wuyana yana laluben jakata, sai ta ce, "Ki zuba masa tarkace, ki kau da kai." Na ce, "Inna, ba na iyawa, zuciyata ba ta ba ni." Ta yi dariya har tana tari, ta ce, "Ni za ki faɗa wa?"

Sai ta ba ni labarin da ba ta taɓa ba ni ba. Ta ce ran nan da ta tsaya a bakin tabarmata ta riga ta yanke a ranta, in na yi kuka, in na kama ta, ajiye jakar za ta yi ta koma ɗaki, kowa ya faɗi abin da zai faɗa. Tsayuwar da ta yi, kukan take jira. Ta ce, "Wallahi har so nake ki yi. Sai kika ce in matsa." Tun daga lungu har asibiti kuka take, direba ya ɗauka naƙuda ce, yana ta zuba gudu yana "Kuraj, Madam, kuraj", wato ta yi ƙarfin hali, ita kuwa ba abin da ke cin ranta sai 'yarta da ba ta ɗago kai ba. Da suka isa aka auna ta, likita ya ce wa Baba da an ƙara kwana a gida da wani labarin ake yi. Inna ta gyara ɗankwalinta, ta ce, "Da kin ɗago kai ran nan, Ayashe, da ba ni, ba Hamidu." Na kama hannunta na riƙe, ya yi laushi, duk jijiya.

A da abin da muke da shi ƙasa ce da ruwan sama da sharar shago, sai tsohuwa mai haƙurin zama kusa ta ƙi waiwayowa. Yanzu komai yana cikin kwali, amma ba inda yaro zai gaji da zama har ya ƙirƙiro abin yi, kuma ba mai tare mu, mu iyaye, in mun taho da gudu. Ina kewar Hajja, na fi kewarta yanzu da nake uwa a kan ranar da aka ce min ta rasu. Tun da muka dawo nake gwadawa. In na taso daga aiki sai in shimfiɗa wa Abdul bargo a baranda, in zube masa marafan tukwane da kwalayen ashana da tsofaffin safa, in ɗora wayar saman firij, in zauna gefe ina yankan alayyafo. Yana kuka, yana jan hannuna, sau da yawa ni ce nake fara karaya. Jiya dai ya yi shiru na ɗan lokaci, sai na ji yana yi wa wata safa faɗa ƙasa-ƙasa, wai ta ƙi cin abinci. Wuyana har ciwo yake don son in juya in gani, ban juya ba. Ban taɓa sanin kau da kai yana da nauyi haka ba.